Gwiwar Hannun Inna Salmia

Kwana huɗu na ba mahaifina, Baba Sahrun, ya haɗa kayansa. Ranar Juma'a jirgin ruwan birnin Gorontalo yake tsayawa a ƙauyenmu, kuma na ci alwashin ba zan sake barin tsoho ɗan shekara saba'in shi kaɗai ba, daga shi sai busasshen kifi da tunani.

"Sai tsuntsayen sun sauko," in ji shi.

"Baba, rani biyu ke nan ba su sauko ba. Ko wasiƙa suka aiko maka?"

"Ke ma ai, in ban da zuwan makokin uwarki, rani tara kika yi, Wirda, ga ki kin zo."

Ya taɓa ni inda ke ciwo.

Maleo yake jira. Tsuntsun bai fi zabo girma sosai ba, kuma ba ya kwanci. Idan iskar yamma ta kwanta, teku ta daina cin gaɓa, sai su sauko daga dajin kan dutse biyu-biyu, mata da miji. Su tona baƙin yashinmu, wanda ruwan zafin dutsen ke ɗumamawa ta ƙasa, su binne ƙwai ɗaya su koma. Idan ya ƙyanƙyashe, ɗan ne zai tono kansa ya tashi, har abada bai san uwarsa ba.

Gadin ƙwan nan shi ne aikin gidanmu tun kakanni. Mahaifiyata, Inna Salmia, ita ke durƙusawa ta nutsa gwiwar hannunta cikin yashi ta ce, "Nan ne." Baba kuma ya kafa shingen gora don kada guza ya yi ɓarna. Sai aka yi girgizar ƙasa, ruwan zafin ya sauya hanya, tsohon wurin ya huce. A shekarar Inna ta rasu, ni kuwa ina birni, ban iso ba sai bayan sadakar uku. Baba ya yi ta cusa tasa gwiwar a yashi, amma fatar ta zama kamar ɓawon kwakwa, ko garwashi ba za ta ji ba.

"To mu yi haka," na ce masa. "In har Juma'a ba ka ga sawu ko ɗaya ba, ka bi ni."

"Na yarda," ya ce, yana kallon dutsen.

Ranar Alhamis da hantsi kewar Inna ta hana ni zaman gida. Na bi gaɓa har na wuce tsaunin da ya kutsa cikin teku, inda ba wanda ke zuwa saboda kaifin duwatsu. Can na durƙusa na nutsa gwiwar hannuna a yashi, ba don neman komai ba, sai don in yi abin da take yi. Ɗumi ya ratsa ni har kafaɗa, irin na jikin mutum. Da na ɗaga kai, sai ga sawu jere biyu daga bakin daji zuwa wani ɗan tudu sabon tono.

Ba zan ɓoye ba, haushi na ji. Tsuntsayen banza, rani biyu ba su ga damar zuwa ba sai yau. Na karyo reshen kwakwa na share sawun tas, na koma gida.

Na tarar Baba ya ɗaure kayansa a zani, ya ɗora malfar Inna a kai. Ya dube ni, ya sake dubawa.

"Daga ina?"

"Shan iska."

"Da gwiwar hannu ake shan iska a birni?"

Na duba. Baƙin yashi ne manne da fatata, har da ɗan warin farar wuta.

"Uwarki ma ba ta iya ƙarya ba," ya ce a hankali. "Da ɗumi?"

"Da ɗumi, Baba." Hawaye suka kece min.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Alkawarinmu sai in na gani da idona, kuma ban gani ba. In kin ce mu tafi, ga kayana nan."

Na daɗe ina kallon ƙullin nan. Na tuna ɗakina na birni mai taga ɗaya, wadda ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. Na ɗauki malfar Inna na kifa a kaina, na miƙa masa addarsa.

"Sai ka taka a hankali, duwatsun da kaifi," na ce.

Ranar Juma'a ni kaɗai na shiga jirgi. Da muka zagayo tsaunin na hango shi ɗauke da gora a kafaɗa, ya sunkuya yana auna inda na nuna masa. Na yi ta ɗaga hannu har ya ɓace min, bai ko ɗago ba.