Shatin Yatsa a Bayan Baba Mumuni

Baba Mumuni ya rasu ranar Talata bayan azahar, a ɗakinsa na haya da ke bayan kasuwar Katako, cikin bazarar 1985, wadda ta biyo daminar da gero bai yi ba. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Mutum ɗaya ce ke gidan lokacin da ransa ya fita, Habsatu, mutuniyar Damagaram, wadda ƙofar ɗakinta ke kallon tasa.

Bazabarme ne, tsohon anfirme, mai jinyar marasa lafiya a asibiti. A ƙarshen aikinsa ya zauna da likitocin Shinuwa, baƙi daga gabashin duniya, masu soka allura, ya koyi wuraren da ake dannawa a jiki don ciwo ya lafa. Allurar bai ɗauko ba, yatsa kawai.

Ita kuwa Habsatu, tun da soji suka zo da mota suka tafi da mijinta Yakuba daga ma'ajiyar hatsin da yake aiki, ba a faɗa mata inda yake ba. Matan gidan suka rage gaisuwa. Wan mijinta na kawo mata gero kowace Juma'a, kafin ya fita kuma sai ya tsaya wurin Kadi, matar mai gidan hayar, ya tambayi wanda ke shiga ɗakin da wanda ke fita. Barci ya ƙaurace mata, ciwon kai ya zauna.

"Ɗiyata, fofo. Kan ne kuma?" in ji tsohon, da gaisuwarsu ta Zabarmawa, daga kan tabarmarsa.

"Shi ne, Baba. Kamar ana daka a ciki."

Ya ɗaga hannun hagu, ya sa babban yatsa a tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni. "Nan. Danna har ya yi tsami. Kai, ba mintsini ba! Ke kunama ce?"

"To ka danna mini mana, ka fi ni iyawa."

"Ni ba na taɓa matar mutane. Mijinki ya fito, ya ce Mumuni tsohon banza?"

Haka suka riƙa yi kullum da la'asar. Shi a ƙofarsa, ita a tata, tsakar gida a tsakaninsu. Ya danna wuyan hannunsa, ta danna nata, bugun zuciya ya sauka. Ya danna tsakanin girarsa, ta danna tata, wani lokaci barcin ya zo. A gidan kaf, shi kaɗai ne maganarsa da ita ke wuce sannu.

Da zafi ya tsananta sai ƙirji ya kama shi. Ranar Talatar aka ce kamyon, babbar motar dawar taimako, ya iso kartiye, wato unguwarsu, gidan ya watse, kowa ya tafi layi. Habsatu ta ɗauki ƙwarya za ta bi su, ta ji numfashinsa ta bayan asabari, yana fita da ƙara. Ta leƙa. Yana zaune ya duƙa, yana neman kai ƙotar muciya bayansa, tana zamewa.

"Akwai wuri nan, gefen ƙashin baya," ya ce da ƙyar. "Hannu bai kai. Kira mini namiji."

Ta fita ƙofar gida. Titi ba kowa, sai akuya guda a inuwar katanga. Ta dawo, ta tsaya, ta dubi ƙofar Kadi da ke rufe. Sannan ta ajiye ƙwaryar, ta cire takalmi, ta shiga.

"Ɗiyata, za su yi magana."

"Nuna mini, Baba."

Ta ɗaga rigarsa. Bayan duk ƙashi ne. Ta kafa manyan yatsunta biyu inda ya ce.

"Ƙasa kaɗan. Yauwa. Da ƙarfi."

Numfashin bai gyaru ba, amma ƙarar ta ragu. Kafaɗunsa suka saki. Ya yi kalmar shahada a hankali, ba haki, ya kai ƙarshenta. Ta ci gaba da dannawa har ta lura ya daina ce mata "da ƙarfi."

Ta kwantar da shi, ta rufa masa zane, ta koma ƙofarta. Da mutane suka dawo da dawarsu sai ta ce, "A duba Baba, na ji shi shiru."

Sumana, wanda ya yi masa wanka, ya ga shati biyu baƙaƙe a gefen ƙashin bayan, kowane girman yatsa, a inda hannun mutum ba ya kai wa kansa. Ya faɗa wa liman. Liman ya ce a sa likkafani. Kafin a dawo daga maƙabarta maganar ta shigo gida.

"Habsatu, ban gan ki a layi ba," in ji Kadi, tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

"Kaina ke ciwo."

"Allah sarki. Ya kamata a danna miki."

Ranar Juma'a Habsatu ta share ƙofar ɗakinta, ta wanke ƙwarya ta kife, ta zauna. An naɗe tabarmar tsohon, an jingina ta da bango. Har aka kira magariba, wan mijinta bai shigo ba.