Ruwan da Aka Yayyafa wa Baban Taufiq

Sau biyu maigidana, Baban Taufiq, yana faɗuwa a gonar shinkafarsa ta Bunkure, maƙwabtan gona suna yayyafa masa ruwa yana farfaɗowa. Shi ke nan kowa ya zama likita. Ni kaɗai hankalina bai kwanta ba, na matsa masa har muka je asibiti a Kano.

Likitar, mai suna Bernice, ta ce ciwon ƙirjin da ya yi bara ya bar masa tabo a ƙasan zuciya. Ashe zuciya da ɗan lantarkinta take aiki: ya ratsa ta sau ɗaya, ta buga, ya mutu, wani ya taso. Amma idan ya tarar da tabon, sai ya raɓa ta gefe a hankali, ya zagayo ya sake kunna inda ya baro, ya yi ta kewaye. Zuciya ta dinga bugun banza da gudu, jini ba ya fita.

"To ruwan fa?" in ji shi.

Ta ce, "Ba ruwan ne ya tashe ka ba, Baba. Kewayen ne ya tsinke da kansa. Ranar da bai tsinke ba, sai danna ƙirji da na'urar lantarki."

Ta rubuta magani, ta hana shi aikin ƙarfi, ta koya mini dannar. Na'urar kuwa babu ita kusa da mu.

Na nuna wa ƙaninsa Abdulsamad a kan matashin kai. Dariya ya yi. "Haba Yaya Saude, haƙarƙarinsa za mu karya? Ai ruwa yake ji."

Lokacin yashe kanal, magudanar ruwan gonaki, ya zo. A wajenmu, wanda bai fito yasa ba, ba ya shiga layin ban ruwa. Na roƙi Baban Taufiq, na ɓoye shebur. Ya ari na maƙwabci ya tafi.

Da hantsi ya faɗi. 'Yan yasa suka ja shi inuwar mangwaro, suka yayyafa, suka yi masa fifita da hula, suka jira, tunda sun san yana tashi. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu, abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau.

Kafin mai babur ya ɗauko ni, jikinsa ya saki. Na durƙusa gaban mazan nan ina danna ƙirjinsa har hannuwana suka sage. Rigarsa sharkaf take.

Abdulsamad yana tsaye da bokiti, yana kuka kamar yaro.

"Wallahi Yaya, ba mu yi masa rowar ruwa ba."