Reshe Ɗaya da Ya Rage

Itacen shayin da ke bayan gidan Tsoho Gui, matarsa Suzhen ce ta zo da shi daga ƙauyensu ranar da aka kawo ta, ɗan reshe naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Duk ƙarshen sanyi yakan fitar da toho fari fat, jijiyoyin ganyen kaɗai ke kore, kafin kwana ashirin ya koma kamar sauran. Tun rasuwarta, wannan tohon Gui ke tsinka, ya soya a kasko, ya kai mata kabarinta ranar sharar kaburbura ta shekara-shekara.

To yanzu saiwar ta fara ruɓewa, reshe ɗaya ya rage da rai. Shekara uku Gui na shuka ƙwayar itacen a ɓoye, duk abin da ya tsiro kuma kore ne shar, mai ɗaci. Abin na cin ransa, sai dai shi mutum ne da ko ƙaya ya taka ba ya cewa wash.

'Yarsa Wenjun, mai aikin binciken ganyen shayi a birni, ta zo gida ta tarar da layin tsiron. Ta hau yi masa bayani cewa ƙwaya ɗiyar iyaye biyu ce, ƙudan zuma na kwaso garin fure daga gonakin maƙwabta, reshe kaɗai ke maimaita uwarsa sak.

"Na san wannan tun kina tsumman goyo, malamar kwalaben gwaji," in ji shi.

Ya sani ɗin kuwa, gudun abin da ke biye yake yi. Kafin a sami reshen dasawa, dole a bar tohon ya girma, ya yi kore, ya yi ƙwari har kaka. Wato bana ba tsinka, ba farin shayi a kabari.

Suna cin shinkafa da tohon gora ta faɗa masa abin da bai taɓa ji ba. Wai farin nan rauni ne itacen ya gada: in da sanyi, ganyen ba ya iya haɗa korensa, shi ya sa ɗaci ba ya taruwa, sai garɗi. Gui ya ajiye tsinken cin abincinsa. Ya tuna yadda Suzhen ke ɗashewa duk hunturu, hannu kamar ƙanƙara, ba ta kuma fasa tsokanarsa.

Da gari ya waye ya isa wurin reshen da kwando a hannu. Toho goma sha ɗaya, ya ƙirga har sau biyu. Ya daɗe a tsaye, yatsunsa na ƙaiƙayi, sannan ya juya ya tsinko na koren layin.

A kabarin ya share ciyawa, ya zuba shayin a ƙaramin kofinta, kunya duk ta ishe shi.

"Tsohuwa, ki yi haƙuri da na bana. 'Ya'yanki ne su ma, ni suka ɗauko. Ɗaci da taurin kai, kamar wannan da ke tsaye a bayana."

Wenjun ta yi dariya, dariyar ta ƙare da sharar ido.

Da kaka shi da kansa ya riƙe wuƙar, bai yarda ta taɓa ba. Ya yanka gaɓa-gaɓa, kowace da ganye ɗaya, ya jera su cikin jar ƙasa a ƙarƙashin rumfa. Uwar itacen ba ta kai ƙarshen hunturu ba. Cikin dashen ma huɗu ne suka kama.

Wata safiya mai sanyi ya kira Wenjun a waya, ya tsaya tambayarta ko ta karya, ko tana sa rigar sanyi, har ta gaji ta ce Baba, faɗi abin da ke bakinka.

"Uku sun fito fari," ya ce. "Ɗayan ma ina jin kunya ce ta hana ta. Haka uwarki ta yi mini kwana uku a gidan nan kafin in ga haƙoranta."