Bah Donbok Mai Waƙoƙin Aljanna

Dutsen farko ya faɗo kan rufin garken ne Dil Maya tana durƙushe tana tatsa. Saniyar ta zabura ta shure bokitin, madara ta malale a ƙasa. Kafin ta miƙe na biyu ya sauka, sai na uku, sai kuma ruwan duwatsu kamar ƙanƙara. Daga gangaren unguwa ta ji ihu yana hawowa.

"Bare su fita! Bare su koma garinsu!"

Ita dai ba ta san wani gari ba bayan Shillong. A unguwar nan aka yanke mata cibiya. Ubanta ne ya zo daga tsaunukan Nepal da shanu, ya mutu ya bar mata sana'ar. Mijinta Harka ya sauka kasuwa da gwangwanayen madara tun da safe, dokar hana fita ta ritsa da shi a can. Daga ita sai surukarta, Ama, wadda ƙafafunta suka daɗe da daina ɗaukarta.

Tana kokawa da igiyar saniya ta ji shingen gora ya yi ƙara. Maƙwabcinsu Bah Donbok ne ya tsallako, daga shi sai singileti da tsohon wando, furfurarsa a yamutse.

"Didi, bar shanun nan! Ina tsohuwa?" Didi yake ce mata, wato Yaya da harshen su Dil Maya.

"Bah, ƙone su za su yi!"

"To kwance ki kore su, ni zan ɗauko ta. Yi sauri, sun wuce famfo."

Duk unguwar ba wanda bai san Bah Donbok ba. A wajen 'yan asalin garin, Bah kamar a ce Malam ne, mace kuma Kong ake ce mata. A ƙuruciyarsa shi ke kaɗa jita a manyan otal-otal da gidajen biki, gashi har kafaɗa. Da giya ta cinye rabinsa matarsa ta ajiye masa akwatinsa a bakin ƙofa, sai ya dawo gidan ƙanwarsa Kong Banri, tunda a wajensu gida na mace ne. Abin da ya rage masa a duniya jitarsa ce da tarin tsofaffin waƙoƙin Turawa, irin masu tsananin kiɗa da kururuwar nan. A cikinsu ma ya ware waɗanda sunan aljanna ya fito a takensu, su kaɗai yake kaɗawa. Kullum da yamma zai zauna a matakalar dutse yana tauna kwai, irin goronsu mai rina baki jawur, yana rera su da muryarsa mai kama da tsohon zarto.

Dil Maya ta taɓa tsokanarsa ta saman shinge. "Bah, kai da ba ka taka coci sai ranar biki, me ya haɗa ka da aljanna?"

"Ai shi ya sa, Didi. Wanda ya ƙoshi ba ya yi wa shinkafa waƙa."

Yau shi ne ya fito daga ɗakinsu goye da Ama, yana haki, tsohuwar tana dukan kafaɗarsa tana tambayar ina za a kai ta. Dil Maya ta kwance shanu ta buɗe musu ƙofar baya suka fantsama cikin bishiyoyi. Saura guda, ƙaramar karsana mai ciki, igiyarta ta ƙulle tamau. Tana ja da haƙori ya daka mata tsawa, ta saki ta bi shi.

Kong Banri ta tura su ɗakin itace da ke bayan madafa ta ja ƙofa. Bangon katako ne, akwai tsaga. Ta nan Dil Maya ta ga samarin sun cika tsakar gidanta, wasu sun rufe fuska da ƙyalle, wasu ko a jikinsu. Suka fasa tagogi. Suka fito da katifa da akwatin aurenta suka tara a waje. Wani ya watsa kananzir a jikin garke, wani ya ƙyasta ashana. Da wutar ta kama ciyawa sai karsanar ta fara kuka, wani irin kuka da Dil Maya ba ta taɓa jin dabba ta yi ba. Ta cusa bakin mayafinta cikin baki ta ciza. Warin ƙonannen gashi ya shigo ta tsagar.

Sai ta ji sautin jita.

Bah Donbok ya fita ya zauna a matakala kamar yadda ya saba, wai don a ɗauka tun ɗazu yana nan. Ta san waƙar, ta ji ta ba iyaka tana wanki. Amma yau yatsunsa suna kuskure.

Mayafin Ama ne ya tona su. Ya maƙale a kan shinge lokacin da suke tsallakowa. Wani dogo mai jan ƙyalle a fuska ya ɗaga shi da bakin rodi, ya nuna wa sauran. Suka ture shingen suka shigo. A cikinsu ta hango Pynshai, ɗan Kong Banri na cikinta, riƙe da jarkar kananzir. Ta san shi tun yana rarrafe.

"Tsoho, ina ka kai su?" in ji mai jan ƙyalle.

Bah Donbok bai daina kaɗawa ba. "Su wa? Ni tun safe ina nan, daga ni sai aljanna."

Wasu suka yi dariya. Dogon bai yi ba.

"Za ka gan ta yau in ba ka tashi ba."

Pynshai ya matso, yana magana ƙasa-ƙasa. "Kawu, don Allah ka ba da hanya. Dubawa kawai za su yi. Ba mai taɓa su, hanya za a sa su."

"Kamar yadda kuka sa karsanar can a hanya?" Ya ɗora tafinsa kan wayoyin jitar, sautin ya mutu. "Gidan uwarka ne wannan, Pynshai. Kai za ka shigo mata da karnuka? Da nononta ya ƙafe kana jinjiri, madarar gidan wa aka ɗura maka?"

"Kawu..."

"Kada ka kira ni kawu da jarka a hannu."

Mai jan ƙyalle ya fizge jitar ya maka ta da dutsen matakala. Ta dare biyu, wayoyin suka yi wani kuka suka nannaɗe. Dil Maya ta tabbata da tsohon ya zauna, da watakila abin ya tsaya nan. Amma ya tashi. Ya cakumi wuyan rigar dogon ya yaye ƙyallen.

"Ashe kai ne! Ni na yi kiɗa a bikin uwarka, ɗan banza!"

Rodin ya same shi a haƙarƙari. Ta ji ƙarar har inda take, kamar an karya busasshen itace. Ya sunkuya, na biyu ya sauka a ƙeyarsa. Ya gangara matakalar, kansa yana bugun dutse, har ƙasa. Suka rufe shi da shuri, a ciki, a baya, a fuska. Wani ya ɗauki wuyan jitar yana jibgarsa da shi. Pynshai ya yar da jarkar yana ture su yana ihun ya isa, wani ya kai masa naushi a baki ya zauna daɓas.

Dil Maya ta kama ƙofa za ta fita, Ama ta riƙe mata zane da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

Kong Banri ce ta fito, da addar faskare a hannu, gashinta a warwatse. Ta tsallake yayanta ta tsaya a kansa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, tana wulwula addar. Sai ta fara kiran su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da sunan uwarsa da danginsa.

"Na gan ka! Kai ma na gan ka! Cire ƙyallen, ai da tafiyarka na san ka! Ku zo ku gama da ni, sannan ku je ku faɗa wa iyayenku mata abin da kuka yi a ƙofar Banri!"

Suka fara ja da baya. Can ƙasa aka ji jiniyar motar sojoji, sai suka watse ta bayan gidaje kamar ɓeraye. Motar ba ta ma hawo ba.

Su uku suka ɗauke shi, Kong Banri da Dil Maya da Pynshai. Jini na fita ta kunnensa, idonsa ɗaya ya rufe. Suka kwantar da shi a gadonsa, ƙarƙashin hotunan mawaƙan Turawa masu dogon gashi da ya manna a bango. Pynshai ya ruga neman mota. Ya dawo da shatin gindin bindiga a kafaɗa. Sojoji sun ce wanda ya sake taka titi harsashi ne rabonsa. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta lallaɓo ta bayan gidaje ta naɗe masa kai, ta latsa cikinsa, ta ja Kong Banri gefe. Dil Maya ba ta ji abin da ta ce ba, amma ta ga yadda Kong Banri ta dafa bango.

Ya kai washegari. Da hantsi ya buɗe idon da ya rage, ya sami Dil Maya zaune tana goge masa baki da tsumma.

"Didi... kina nan?"

"Ina nan, Bah."

"Tsohuwar fa? Nauyi gare ta kamar buhun dankali. Me kuke ba ta?"

Ta yi dariya, dariyar ta zama kuka. Ama tana zaune a ƙarshen gado, ta rungume ƙafafunsa a cinyarta tana murzawa, tana addu'a da harshensu. Duk shekarun nan ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai mashayin can.

Ya ce a sa masa kaset. An ɗauke wuta tun jiya, batirin rikodar kuma ya yi sanyi. Muryar wani Bature ta fito tana jan ƙafa, kiɗan yana tangaɗi.

"Ji shi," ya ce. "Ko shi ma ya sha."

Dil Maya ta ce, "Bah, wai me yake cewa ne? Shekara da shekaru ina ji ban taɓa sani ba."

Ya ja numfashi da ƙyar. "Cewa yake ta tafi ta bar shi, amma ya san inda za su haɗu. Duk zancensu ke nan, Didi. Ba wanda ya san hanya a cikinsu. Ihu kawai suke yi ko za a ji su."

Pynshai yana tsugune a bakin ƙofa, leɓe a kumbure, tun jiya bai shigo ba. Uwarsa ko kallonsa ba ta yi. Dil Maya kuwa duk lokacin da ta wuce shi sai ta ji yawu ya taru a bakinta kamar ta tofa masa. Tsohon ya ɗaga yatsa ya kira shi. Ya rarrafo ya kifa goshi a bakin gado.

"Kawu, ban san za a kai nan ba. Wallahi ban sani ba."

"Kananzir ka ɗauko, ka ɗauka shayi za a dafa?" Ya yi tari, jini ya biyo. "Tashi. Shanunta suna cikin daji. Ka nemo mata su kafin wani ya yanka."

"Sai na ga yadda..."

"Ba abin da za ka gani. Tafi."

Ya tafi. Bai daɗe da fita ba batirin ya ƙare, waƙar ta tsaya a tsakiya. Dil Maya ta jiƙa tsumma da shayi mai sanyi ta kai bakinsa. Ya tsotsa sau ɗaya. Da ta sake kaiwa, leɓen bai motsa ba. Ama ce ta fara ganewa. Ta daina murza ƙafar, ta ja bargo ta rufe ta.

Kong Banri ta shigo da itace a hannu, ta tsaya, ta daɗe tana kallonsa. Ta ajiye itacen a hankali, ta shafe masa ido.

"Ya tafi cin kwai a ƙofar Ubangiji," ta ce, kamar yadda suke faɗa idan wani ya rasu. "Allah Ya sa kada su ba shi jita, ba zai bar kowa ya huta ba." Sannan ta zube a ƙasa ta saki kuka.

Da yamma Pynshai ya dawo jiƙe sharkaf, yana jan shanu biyu. Ya ɗaure su a bayan madafar uwarsa. Ya kuma zo da labarin an ga Harka, mijin Dil Maya, a sansanin da sojoji suka tara mutane, hannunsa a karye amma da ransa. Dil Maya ta ji, ta gyaɗa kai, ba ta gode masa ba.

Ranar binnewa hukuma ta ce dangi na kusa kaɗai za su raka, ba taro, ba kiɗa. Kong Banri ta ce wa Dil Maya kada ta kuskura ta leƙo, ta kulle su ta waje. Ta tagar ɗakin Bah Donbok Dil Maya ta ɗan ɗaga labule ta ga an fito da akwatin. Pynshai yana ɗauke da kusurwa ɗaya a kafaɗar da sojoji suka dakar masa. Suka bi siririyar hanyar da ta hau tudu, soja guda yana biye da su da bindiga, har gajimare ya sauko ya rufe su.

Ta saki labulen. Ama ta yi barci a kan kujera, baki a buɗe. A waje yayyafi ya fara sauka, wata kaza tana tonon toka a inda garken yake a da.