Kwanar da Ta Ƙi Kayar da Ni

Jiya bayan sallar asuba na koma na ɗan kishingiɗa, sai na yi wani mafarki wanda har yanzu in na tuna shi sai na duba babban yatsana.

Shekara bakwai ke nan ni da abokina Isiyaku tela muna buga wani gem na tseren motoci duk ranar Juma'a, irin motocin nan marasa taya da ke shawagi a kan titin da aka rataye a sama. Hannun gem ɗinmu ɗaya ne, ɗayan ya lalace tun shekarar da na yi aure, don haka dokarmu ita ce duk wanda ya faɗi ya miƙa wa ɗan'uwansa. A titin ƙarshe akwai wata muguwar kwana da muka sa wa suna Kwanar Allura. Babu wanda ya taɓa wuce ta a cikinmu. Ta yi mini kanta a yatsa, ta sa na yi ashar ranar Juma'a. Kullum addu'ata, in za a fito da kashi na biyu na gem ɗin, Allah Ya sa a sassauta.

To, a mafarkin sai ga ni a wani ofis. A waje ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana hawa sama, mutane duk sun juya lemarsu sun rufe ƙafafu. Bayan tebur wani bunsuru ne zaune da tabarau.

"Kashi na biyu ka zo?" in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya fito ne?"

"Tun gobe ya fito. Cike wannan."

Na cike takardar na miƙa masa. Ya tauna ta a natse, ya haɗiye, ya ce an amince. Sannan ya nuna wani gwangwanin madara ya ce in ajiye kantata a ciki, ba a shiga da ita. Na ɗan yi jim, don shekara bakwai ba wasa ba, amma zumuɗi ya ci ƙarfina. Na ɓare ta kamar ɓawon gyaɗa na jefa. Ya ba ni 'yar lamba irin ta wurin ajiye kekuna.

Sai kawai na gan ni cikin mota, hannun gem a cinyata. Gudun da take yi har na wuce ranar Alhamis ban lura ba. A damana wata zabuwa ce ke tuƙi, a haguna wata tsohuwa tana tsere a kan gadonta tana gyaran shinkafa. A bakin titi kuwa ga bencinmu na buga gem, ga Isiyaku zaune da awon ɗinki a wuya, ya miƙo hannu.

"Tasi'u, in ka faɗi ka miƙo," ya ce.

Da na hango Kwanar Allura sai na cije leɓe yadda na saba. Ita kuwa sai ta miƙe santal, ta rusuna, ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Na wuce lafiya lau. Gaskiya na ji daɗi, har na yi kabbara. A ƙarshen zagayen aka sanar cewa na zo na ɗaya, zabuwa ta zo ta ɗaya, tsohuwa ma ta zo ta ɗaya, ko da yake ta tsaya a hanya ta yi alwala.

Muka sake zagayowa. Isiyaku yana nan, hannunsa a miƙe. A zagaye na goma gemu ya fito masa. A na arba'in gemun ya yi furfura, wata kurciya ta yi sheƙa a tafin hannunsa, bai janye ba.

"Har yanzu ba ka faɗi ba?"

"Ina ƙoƙari, wallahi!"

Ƙoƙarin kuwa na yi. Na karkata na nufi bango, bangon ya matsa gefe ya ba ni haƙuri. Na nufi bakin titi in faɗa ƙasa, titin ya ƙara faɗi. Na saki hannun gem gaba ɗaya na naɗe hannuwana, motar ta ci gaba da tuƙa kanta, har ma ta fi ni iyawa. Nan tsoro ya kama ni sosai, don na gane in ban faɗi ba Isiyaku ba zai taɓa karɓa ba.

Sai ga ni kuma a ofis.

"Ranka ya daɗe, faɗuwa nake so. Ko sau ɗaya."

Bunsurun ya dube ni ta saman tabarau. "Faɗuwa ta ƙare, Malam. Wataƙila a kashi na uku."

"Yaushe zai fito?"

"Bara." Ya jawo wani fayil mai kauri, rabinsa a cinye. "Ba kai ka roƙa ba? Ga addu'o'inka nan na shekara bakwai, duk mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Kai ɗan'adam ba a iya maka."

Na ce to a ba ni kantata in koma gida. Ya ce in kawo lamba. Na miƙa, ya tauna, ya ce babu mai karɓar ajiya ba tare da lamba ba.

Ta taga na hango Isiyaku ya miƙe, ya sauke kurciyar a hankali, ya saɓa bencinmu a kafaɗa.

"Na tafi shago," ya ce, "ɗinkin mutane na jirana. Juma'a ma ba sai na zo ba. In zo in yi me, kallo?"

Ya taka ruwan saman nan, ruwan ya ɗauke shi ya yi sama da shi, shi da bencin. Na buɗe baki in kira sunansa, abin da ya fito sai ƙarar mota, garrrr, tana ƙaruwa har ta cika kunnena.

Ashe injin markaɗen Iya Tabawa ne, maƙwabciyarmu, an fara niƙan wake. Na zabura na duba yatsana. Kanta tana nan, tauri kamar kullum, har na sumbace ta. Na lalubo waya na kira Isiyaku, ina jin keken ɗinkinsa na aiki.

"Isiyaku, kashi na biyu ya fito?"

"Wane kashi na biyu? Masu ƙera gem ɗin nan ko tari ba su yi ba."

"Alhamdu lillahi."

Keken ya tsaya. "Lafiyarka ƙalau kuwa? Kai da ka ishe mu da jira? Ka ga, kar ka kawo mini wayo. Juma'a ni zan fara, kai ka faɗi ƙarshe."

"Ni na faɗi," na ce masa, bakina har kunne. "Ka zo da wuri."