Ranar Da Keken Inna Ya Tsaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

An yi wani mawaƙi, ɗan autan wata mai ɗinki. A waje sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, amma a gida Auta ne kawai, har furfura ta fito masa. To shi Auta, tun yana yaro, duk waƙar da ya tsara ba mai jin ta sai ya fara kai ta ɗakin ɗinkin Inna. Ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ita tana taka keke, shi yana rerawa. Tun ran farko ta ce masa, "Ni ba na yin tafi, hannuna da aiki. Ran da waƙarka ta isa waƙa, za ka ji keken nan ya tsaya da kansa."

Ita wasa take yi. Shi kuwa ya riƙe maganar gam.

Da fari muryar mutane yake arowa. Duk wanda ya ji a rediyo yau, gobe ya zama shi, har gyaran muryar mutumin sai ya kwaikwaya. Inna ta ce, "Ka gaishe mini da baƙon nan da ka kawo. Ɗana fa, yaushe zai zo?" Keke na ta ƙar-ƙar-ƙar.

Da ya zama saurayi sai ya samu tasa muryar, amma fa ya cika ta da kaya: wata, taurari, tekun da bai taɓa gani ba, duk a baiti guda. Yayarsa, wadda ke yi wa Inna guga, ta ce, "Auta, wannan waƙa ce ko motar masu ƙaura? Bar mana wurin numfashi mana!"

Daga baya duniya ta san shi. Sai ya ƙudura a ransa cewa ƙarar keken ce ke danne shi, don haka ya yi ta ɗaga murya. Har makaɗansa ya taɓa kwasowa, da jita da ganguna, suka cika ɗakin. Maƙwabta suka yi rawa har suka jiƙe. Inna ta yi murmushi, ta ƙarasa hannun riga, ta kama ɗayan.

Ana nan, ana nan, idon Inna ya soma hazo. Wata safiya ta ce, "Rigar nan ta hannuna ita ce ta ƙarshe. In na gama na rufe keke."

Auta ya shiga tunani. In aka rufe keken, me kuma zai tsaya? Ya koma gida ya juya, ya juya, waƙa ta ƙi zuwa. Washegari ya dawo baki wofi, ya zauna a kan buhun nan, karo na farko bai zo da abin rerawa ba. Sai kallo. Ya ga Inna ta lashi bakin zare, ta nufi kafar allura, ta kuskure. Ta sake, ta kuskure. Nan take ya tuna marigayi Baba: kullum kafin ya fita aiki, sai ya sunkuya ya zura mata zare, ya sa hularsa ya tafi, ko uffan. Auta ya tashi ya zura mata. Ta ɗora ƙafa a kan keke.

Ran da ya dawo, saura kalmasa kawai a rigar. Ba jita, ba makaɗi. Ya buɗe baki, kuma maimakon ya hau saman ƙarar keken, sai ya shiga ƙarƙashinta, ƙasa-ƙasa, kamar mai rarrashin jariri:

"Wa ya zura miki zare da safe,
ya fita bai ce komai ba?"

Sai ya yi shiru. Shi da a da ba ya barin gurbin da kaza za ta sa baki, ya bar wurin fili, daidai tsawon lokacin da mutum zai sa hula ya kai ƙofa. Sannan ya ci gaba.

Ƙar-ƙar... ƙar.

Jama'a, ɗakin nan ya yi tsit. Auta bai taɓa jin muryarsa ita kaɗai a ɗakin ba. Ashe agogon bango yana da ƙara! Ya kai ƙarshe da ƙyar.

Inna ta goge ido da bakin mayafi. "Zare ne ya tsinke," in ji ta.

Yaya ta ajiye dutsen guga ta leƙo. "Inna, zaren nan fa lafiyarsa ƙalau."

"Ke, wa ya tambaye ki? Koma kan gugarki. Kai kuma Auta, sake daga farko, tsakiyar ban ji sosai ba."

Ya sake. Ta ce ya ƙara.

Tatsuniya ta kai gida, ƙurunƙus. Inna ta ƙarasa rigar washegari ta rufe keke, ta rayu shekaru tana sa a rera mata waƙar. Yaya ta gaji keken, ta koma ɗinki. Auta ya sallami rabin makaɗansa, ya ci gaba da tsara waƙa har tsufansa, kuma kowacce sai ya bar mata gurbin shiru.