Butar da Ta Lotse

Da wuƙar yanka burodi Waltraud ta ɓalle makullin kabad ɗin gilashi. Butocin gahawa arba'in da uku ne jere a ciki, duk na ƙarfen kuza, tsufa ya mayar da su baƙi ƙirin. Mijinta Egon ne ya tara su, kasuwa bayan kasuwa. Ita ɗaya kawai take nema, mai ƙafa uku da ɗan famfo a gaba, butar mahaifiyarta.

Tun shekarar aurensu Egon ya kifa butar, ya ga hatimin maƙeri a gindi, ya ce wannan ta haura shekara ɗari biyu, ta wuce a zuba mata gahawa. Ya kulle. Shekara talatin da ɗaya Waltraud tana leƙen gadonta ta gilashi. Sau biyu ta roƙa. A na biyun ya karya mata yatsa, ta ce wa likita ƙofa ce ta datse ta.

Yau ba batun roƙo. Asibiti sun sallamo yayarta Irmgard don ba sauran abin da za su yi mata, ita kuwa ta bugo waya da safe ta ce tana marmarin gahawar Lahadi daga butar Mama, ƙarfe uku, yadda suka taso. Egon ya tafi kasuwar gwanjo a Wuppertal, ba ya dawowa sai huɗu.

Ta kai butar kicin, ta dirje ta da ruwan zafi da lallausan yashi, yadda Mama take yi kowace Asabar. Ta sani sarai Egon ya haramta ko goga tsumma, wai wannan baƙin shi ne darajar kayan. Ji mutum, dauɗa yake bauta wa! Ita dai ba ta kai wa mai jinya buta da dattin shekaru. Tana cikin tsane ta ta ji motsin mukulli a ƙofa. Ashe ruwan sama ya tashi kasuwar tun sha biyu.

Egon ya tsaya a bakin kicin, rigarsa na ɗiga. Ya dubi butar tana ƙyalli, sannan ya dube ta.

"Me kika yi, ke jakar mata?"

"Irmgard ce take so. Da yamma zan dawo da ita."

Ba ta rufe baki ba mari ya sauka, har kunnenta ya toshe. Ta rungume butar a ƙirji. Ya damƙi gashinta ya buga ta da firji, kofuna suka zubo suka tarwatse. Tsoho mai shekara saba'in, amma hannun mai wasa wuƙaƙe ne, aikin da ya yi har ya ajiye. Ya shiga ɓamɓare mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana zagin ta, yana zagin uwarta da ke kabari. Wannan ne ya ƙona mata rai fiye da dukan. Ta kafa masa haƙori a hannu iya ƙarfinta har ta ji gishirin jini. Ya yi ƙara, ya fizge butar, ya ɗaga ta sama ya maka mata a goshi.

Ta zube a kan fasassun kofuna. Jini ya rufe mata ido ɗaya. Da ɗayan ta ga Egon ya durƙusa, ta ɗauka kanta zai duba. Ina! Butar ya ɗauka. Kuza ba ta da tauri, gefe guda ya lotse ya shige ciki, ƙafa ɗaya ta karkace. Yana shafa wurin da babban yatsa, wallahi har da ƙwalla.

"Kin kashe ta," ya ce a hankali. "Ga gogewa, ga lotsawa. Ko yuro goma ba mai ba ni."

"Ba za ta koma kabad ba ke nan?"

"Cikin kayana? Ɗauki tsiyarki."

Ya wurgar da ita gefenta, ya wuce falo yana ƙirga sauran.

Waltraud ta dafa kujera ta miƙe. Ta ɗaure goshi da tawul ɗin kwanuka, ta sa butar a jakar cefane. Ta buɗe aljihun tebur ta haɗa da katin shaidarta da magungunanta. A bas direba ya ce bari ya kira motar asibiti, ta ce ya ja kawai, ana jiranta.

Uku saura ta isa. Irmgard na kishingiɗe a kujera cikin bargo, ta rame sai ido. Waltraud ta dafa gahawar a tukunya ta juye a butar, ta tokare karkatacciyar ƙafar da murfin kwalba. Irmgard ta sa yatsa a cikin lotsawar, ta daɗe, sannan ta ɗaga ido ta dubi tawul ɗin da ya rine.

"Ƙofa ce kuma?"

"A'a, Yaya. Egon ne."

Yau ne bakinta ya fara furta haka, ta ji kunya, ta kuma ji sanyi a ranta. Ta murɗa famfon, bai kawo ba, garin gahawa ya toshe shi kamar kullum. Ta zare fil daga gashinta ta sosa bakin, yadda Mama take yi, sai ga shi yana ɗiga.

"Ƙaramin ɗakin nan naki, da kowa a ciki?" ta tambaya, idonta a kan kofin.

"Shekara nawa ina canza masa zanin gado," in ji Irmgard. "Cika min, kada ya huce."